Yaya Wendell na Garejin Ostby

Shekara hamsin da takwas Wendell Tollefson ya yi a duniya. Bai taɓa taka ƙasa da ƙafarsa ba, bai taɓa furta kalma ba, bai kuma taɓa kai cokali bakinsa da hannunsa ba. Amma a Ostby, ɗan ƙaramin garin manoman alkama da ke jihar Dakota ta Arewa a Amurka, da wuya ka sami babban mutum da bai san abin da Wendell yake so da abin da ya tsana ba. Wadda ta fi kowa sani kuwa ita ce ƙanwarsa Noreen, wadda ya girme ta da shekara uku.

Wajen haihuwa abin ya same shi. Naƙudar ta yi tsawo, ya faɗo bai yi kuka ba, aka daɗe kafin numfashi ya zo masa. Da ya cika shekara biyu bai zauna ba, wuyansa ma bai tsaya ba, sai iyayensa, Arvid da Berdine, suka kai shi wurin wani babban likita a birni. Likitan ya dudduba shi, sannan ya zaunar da su. Ya ce ƙwaƙwalwar yaron ta sami rauni tun ranar da aka haife shi. Ba zai yi tafiya ba, ba zai yi magana ba, kuma da wuya ya kai shekara goma. Ya ce akwai gidan gwamnati da ake ajiye irin waɗannan yara, gara su kai shi can, su koma gida su haifi wasu.

Arvid ya miƙe, ya sa hularsa, ya ce, "Mun gode, likita."

Sun yi tafiya mai nisa a mota a hanyar komawa gida. Berdine tana rungume da yaron, can dai ta gaji ta ce, "Arvid, ba ka ce komai ba."

"Me zan ce? Tunanin kujerar da zan ƙera masa nake yi. Wuyan nan nasa yana son abin jingina."

Maganar gidan gwamnati ba ta sake tasowa ba.

Noreen ta buɗe ido ta tarar da shi a gidan, don haka ta daɗe tana zaton kowane gida da irin nasu yayan. Tun kafin ta iya karatu ta iya yarensa. In ya ɗaga ido sama, ya yarda ke nan. In ya turo leɓe ya kau da kai, a'a ce, kuma ko wa za a kira ba zai sake ba. Yana da wani gunji na yunwa, da wani daban na ciwo, da wani ɗan siririn sauti da yake yi in ya ji ƙarar motar babansu ta shigo layi. Tana da shekara bakwai mamansu ta fara miƙa mata cokali. Dakakken dankali da romo, tuffa da aka dafa aka murƙushe, madara mai kauri, su ne abincinsa, domin haɗiya tana ba shi wahala. Koren wake kuwa bai taɓa ƙaunarsa ba. Zai karɓa kamar mutumin kirki, ya ajiye a kumatu, ya jira sai ta juya ɗaukar tawul, sannan ya sako shi gaba ɗaya a kan rigarsa.

"Mama, kin ga Yaya ko? Da gangan yake yi!"

"Ni ma na sani da gangan ne," in ji Berdine daga wajen murhu. "Ke dai ce ba kya jin magana. Sau nawa zai gaya miki ba ya so?"

Abin da ya fi ba shi dariya a duniya shi ne ya ga tsautsayi ya faɗa wa mutum. In tukunya ta suɓuce, in wani ya yi tuntuɓe, in babansu ya buge yatsa da guduma ya saki ashar, sai jikin Wendell ya sandare, bakinsa ya buɗe, ya yi ta ƙyaƙyatawa har numfashinsa ya sarƙe a ruga a buga masa baya. Wata Lahadi tsohon fastonsu ya zame a kan ƙanƙara a ƙofar coci, ya zauna daɓas a gaban jama'a. Kowa ya gimtse, ban da Wendell. Har aka shiga aka fara waƙa bai daina ba, dole Arvid ya tura shi waje a kekensa na guragu. Bayan an tashi faston ya zo ya tsaya a gabansa yana dafe da ƙugu, ya ce, "Wendell, shekara ashirin ina wa'azi a garin nan, yau ne na fara faranta wa wani rai."

Arvid mai walda ne, yana da gareji a bakin gari inda ake gyaran tarakta da injin girbi. Babu makarantar da ta karɓi Wendell a wancan zamani, saboda haka tun yana ɗan shekara tara babansa yake tafiya da shi aiki. Wurinsa yana nan a kusurwa kusa da murhun ɗumama ɗaki, nesa da tartsatsin wuta, inda yake ganin ƙofa. Manoma in sun shigo shi suke fara gaisarwa kafin mai garejin. Da damuna da hunturu ba a rasa mutum uku ko huɗu zaune a kan tsofaffin tayoyi da kofi a hannu, ana musu a kan ruwan sama ko a kan wace tarakta ta fi wata ƙarko. In musu ya ƙi ƙarewa sai a juya gare shi.

"To, a tambayi alƙali. Wendell, gobe akwai ruwa, ko ba haka ba?"

Sai ya ɗaga ido sama.

"Kun gani!"

"Kai tafi can! Wa bai ga ka shigo masa da askirim ɗazu ba? Alƙalin nan ya ci hanci."

Gaskiya ne kuwa, ya ci. Duk wanda ya zo da askirim, ranar shi ke da gaskiya.

Ya wuce shekara goman da aka yanke masa, ya wuce sha biyar, likitan da ya faɗa ma ya riga shi tafiya.

Akwai abu ɗaya da Noreen ba ta cika son faɗa ba, amma in tana ba da labarinsa ba ta tsallake shi. Tana da shekara goma sha uku, wata Asabar mamansu ta aike su kanti, ita da shi. Tana tura kekensa a tsakanin kantoci sai ga wasu 'yan mata biyu daga garin da ke kusa, waɗanda aka haɗa su aji ɗaya a sabuwar makaranta. Yara ne masu gayu, kuma Noreen ta daɗe tana son su kula ta. A daidai lokacin yawu ya zubo wa Wendell a haɓa, ya jiƙa tawul ɗin da ke wuyansa. Ɗaya daga cikinsu ta dube shi, ta yatsina fuska, ta ce, "Noreen, wannan kuma wane ne?"

Noreen ta kau da ido daga kansa. Ta ce, "Ɗan maƙwabtanmu ne. Taimaka musu nake yi."

Suka wuce. Ita ma ta sayi abin da aka aike ta, ta turo shi gida, a ranta tana cewa ai ba ganewa ya yi ba.

Da yamma ta ɗauko kwanonsa ta zauna a gabansa kamar kullum. Ya turo leɓe, ya kau da kai. Ta zaga ɗaya gefen, ya sake juyawa. Mamansu ta karɓi cokalin, ya buɗe baki ya cinye tas. Washegari haka, jibi haka. In ta shigo ɗaki sai ya kafa wa bango ido. Berdine ta taɓa goshinsa, ta duba bakinsa ko haƙori ne, ba ta ga komai ba. A rana ta huɗu ta tsare Noreen a wajen wanke-wanke.

"Me kika yi wa yayanki?"

"Ni? Babu komai."

"Noreen, shekara goma sha shida nake tare da yaron nan. Ba ya fushi a banza."

Noreen ta fashe da kuka, ta faɗa mata. Berdine ba ta yi faɗa ba. Ta ci gaba da goge faranti, sannan ta ce, "Ba ni kika yi wa ba. Je ki same shi."

Ta je ta durƙusa a gaban kekensa, ta kama hannunsa da ke a dunƙule. Ta ce, "Yaya, na yi ƙarya a kanti. Kunya na ji, ba kuma laifinka ba ne. Ka yafe mini." Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya mai da idonsa bango. Sai da ya ƙara kwana biyar kafin ya karɓi abinci daga hannunta. Ranar da ya karɓa ma bai dube ta ba, ya dai buɗe baki kamar mai yi mata alfarma. Tun daga lokacin ba ta sake yin magana a gabansa kamar ba ya nan ba, kuma ba ta barin kowa ya yi.

Ta gama makaranta, ta kama aikin tuƙa motar ɗaukar ɗalibai, aikin da ta yi shekara talatin tana yi. Da Clifford, wani dogon saurayi mai aiki a rumbun hatsi, ya fara zuwa wajenta, ta kai shi gaban Wendell tun zuwansa na biyu. Clifford ya sunkuya, ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a hayin gona.

"SANNU, WENDELL! YAYA GIDA?"

"Ba kurma ba ne," in ji Noreen. "Ya fi ka ji."

Clifford ya daburce, ya ja baya zai zauna, gwiwar hannunsa ta ture kofin kofi ya juye masa a wando. Wendell ya yi dariya har da hawaye. Arvid ya leƙo daga bayan jarida ya ce, "To, samari, ka ci jarrabawa." Shekara mai zuwa aka ɗaura musu aure, suka kama gida a layi na biyu daga na iyayenta.

Arvid ya rasu Wendell yana da shekara talatin da huɗu, aka rufe garejin. Wata shida Wendell ya yi yana yin siririn sautin nan duk lokacin da wata mota ta shigo layi, daga baya ya daina. Berdine ta ci gaba da ɗawainiyarsa har ƙarfinta ya ƙare. Kafin ta rasu ta ce wa Noreen, "Ban ce ki yi mini alkawarin komai ba. Ki yi abin da za ki iya." Noreen ta ji, amma a ranta ta riga ta ɗauki alkawarin. Bayan jana'iza suka dawo da shi gidansu, ɗakin da ke kallon titi.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a wurinsu. Kullum sai Noreen ta tashi da asuba ta yi masa wanka, ta sauya masa kunzugu, ta ciyar da shi, ta fita ɗaukar ɗalibai, Clifford ya karɓa kafin ta dawo. Tana goge masa jiki tana kiransa Yaya, ba ta taɓa sauyawa ba. 'Ya'yansu biyu suka girma suka tafi birni. Sannan kafaɗarta ta fara ciwo, aka yi mata aiki, aka ce kada ta ƙara ɗaga abu mai nauyi. Bayan wata takwas Clifford ya gamu da ciwon zuciya. Wata safiya suna ƙoƙarin sauko da Wendell daga gado su biyu, sai ya suɓuce musu. Bai ji ciwo ba, amma su uku suka zauna a ƙasa, babu mai iya ɗaga wani, sai da suka kira maƙwabci.

A garin akwai wani gida da mutum huɗu masu naƙasa suke zaune, da ma'aikata masu kula da su dare da rana. Gurbi ya samu. Noreen ta zaunar da shi ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ta ce, "Yaya, ka yarda mu gwada?" Bai ɗaga ido ba, bai kuma turo leɓe ba. Ranar da suka kai shi, ta rubuta wa ma'aikatan shafi shida: yadda ake tallafe kansa, kaurin abincinsa, ma'anar kowane sauti. Ta dawo gida ta zauna a ɗakinsa ta yi kukan da ko a rasuwar mamansu ba ta yi irinsa ba. Gani take ta kai shi inda babansu ya ƙi kai shi.

Kullum sai ta je. A mako na uku, wata Alhamis da la'asar, ta shiga ta tarar da shi a falo, an jera kekensa da na wani abokin zamansa a gaban talabijin, ana nuna kokawa. Wani ƙato ya ɗaga wani ƙato ya maka da ƙasa, su biyun suna ta ihu. Ta sumbaci kansa, ta ce, "Yaya, na zo. Mu je ɗaki in yanke maka farce?"

Ya turo leɓe. Ya karkata kai yana leƙen bayanta, domin ta tsaya masa a gaban talabijin.

Shirlene, babbar ma'aikaciyar gidan, wata mace mai ƙiba da fara'a, ta fito daga kicin tana dariya. "Anti Noreen, ki yi haƙuri, ba a ganin maigida ranar Alhamis sai an gama kokawa. Zo ki sha kofi."

Noreen ta bi ta kicin ta zauna, ta rasa dariya za ta yi ko fushi. Da ta koma gida ta ce wa Clifford, "Ka san yau korata ya yi?"

"Madalla," in ji Clifford. "Mutum ya kusa hamsin, sai yanzu ya samu ya bar gida."

Shekarun da ya yi a gidan nan masu daɗi ne. Ana kai su wurin iyo a sa shi cikin ruwan ɗumi, gaɓoɓinsa da suka ƙage su ɗan saki. Yana da ma'aikatan da yake so da waɗanda ba ya so, kuma ba ya ɓoyewa. Shirlene tana yi masa waƙa in tana yi masa aski, muryarta ba daɗi, shi kuwa ko a jikinsa. Noreen ta rage zuwa ya koma sau uku a mako, ranar Lahadi kuma su ɗauko shi coci, a ci abincin rana tare.

Ciwon huhu ne ya yi ajalinsa. Ya sha kama shi yana tashi, amma na watan Maris ɗin nan ya zo da ƙarfi. Bayan kwana shida a asibiti likita ya ce za a iya sa masa injin numfashi, sai dai ba lalle ya rabu da shi ba. Noreen ta sunkuya ta gaya masa abin da aka ce, ta tambaye shi ko yana so. Ya kau da kai. Ta ce, "Gida kake so?" Ya ɗaga ido. Ba ta tambayi wane gidan ba, ta sani. Aka mai da shi ɗakinsa na wajen su Shirlene. Bayan kwana biyu, da hantsi, rana tana shigowa ta taga, ƙanƙarar kan rufi tana narkewa tana ɗiga, numfashinsa ya yi ta raguwa har ya tsaya. Noreen tana riƙe da hannu ɗaya, Clifford da ɗayan. Shirlene ce ta rufe masa ido.

A wajen jana'iza cocin ya cika. Sabon faston, matashi ne da bai daɗe da zuwa ba, ya ce Wendell mala'ika ne da Allah ya ba su aro. Da aka ba Noreen dama ta miƙe, ta gode masa, sannan ta ce, "Fasto, ka yi haƙuri, yayana ba mala'ika ba ne. Mutum ne mai taurin kai, mai riƙo, mai son kansa da askirim. In da yanzu ɗayanku zai faɗo daga kan benci, da ya fi jin daɗinsa a kan duk waƙoƙin da muka yi. Mutane suna ce mini na yi ƙoƙari. Na yi, ban musa ba, akwai ranakun da na gaji har na ji haushinsa. Amma shi ma ya yi haƙuri da ni. Shekara hamsin da biyar na san shi, ban san yadda ake zama a duniya babu shi ba. Zan koya." Ta zauna. Aka binne shi kusa da iyayensu, aka dawo aka ci burodi da nama da kofi a ɗakin taron coci, tsofaffin manoma suna ta tuna shari'o'in da ya yanke musu.

Bayan mako biyu Shirlene ta kawo mata kayansa. Kwali biyu ne kacal: riguna, rediyo, bargon da Berdine ta saƙa, da wata jakar takarda cike da katunan gaisuwa. Noreen ta zazzage su a kan tebur. Ta san wasu, amma da yawa ba ta taɓa jin sunan masu su ba. Akwai na wani direban babbar mota daga jihar Montana, wanda motarsa ta taɓa lalacewa a Ostby ya yini a garejin Arvid, tun lokacin kuma duk Kirsimeti sai ya aiko. Akwai na wata da ta yi aiki a gidan wata huɗu kawai, ta rubuto cewa saboda shi ta shiga makarantar koyon jinya. Akwai na wani mai gyaran keken guragu, da na matar da ke kula da wurin iyo.

"Duk kina karanta masa waɗannan?" Noreen ta tambaya.

"Sau biyu-biyu. In na tsallake layi sai ya yi mini gunji."

Noreen ta sayo takardu da ambulan. Ta ce waɗannan mutane ba su san ya rasu ba, kuma bai kamata su aiko kati a dawo musu da shi ba. Kowace safiya bayan karin kumallo takan zauna ta rubuta wa mutum ɗaya, da hannunta, ta gaya masa yadda Wendell ya cika, ta ƙara da ɗan labarinsa guda. Wasu ranakun ba ta iya wuce layi biyu, sai ta ajiye ta fita lambu. Clifford ne yake kai su gidan waya. Mutum talatin da bakwai ne, ba ta gama ba sai da alkama ta fara nuna. Goma sha tara sun rubuto amsa, direban Montana kuwa waya ya bugo, suka yi kusan awa guda suna hira.